Jijjigar yara lokacin masassara

Ƴan uwa, kun taɓa ganin yaro jikinshi ya yi zafi, sai ya sanƙare, idanu su juye, hannuwa da ƙafafu su riƙa karkarwa? Wannan ita ce jijjigar masassara. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Galibi ba ta kai minti 5.

Mi ke kawo ta? Ƙwaƙwalwa tana aiki da wata ƴar wuta mai kama da ta lantarki. Ta yaro ba ta gama ƙwari ba. In zafin jiki ya hau, sai wutar ta rikice, jiki ya kama jijjiga. Ba iskoki ba ne, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukar ta.

Don mi take kama wani yaro ta bar wani? Akwai gado a ciki. Yadda ɗa yake gadon tsawo ko kamannin iyaye, haka yake iya gadon wannan. In uwa ko uba sun yi ta suna ƙanana, ɗiyansu sun fi saurin yin ta. Ku tambayi tsofaffin gida, ku gaya ma likita abin da kuka ji.

Akwai na'urar awon ƙwaƙwalwa, sunanta EEG. Ana liƙa wayoyi bisa kai, ta zana motsin wutar nan. Ba ta da ciwo. Gajerar jijjiga ba ta bukatar awon. Likita yakan neme shi in ta wuce minti 15, ko ta kama gefe guda, ko ta sake dawowa a rana ɗaya. Cikin yara 3 da suka yi ta, kamar 1 zai sake yi. Amma mafi yawa ba su zama masu farfaɗiya.

In ta taso, ku kwantar da yaro bisa gefenshi. Ku rage mishi tufafi. Kada ku sa cokali ko yatsa bakinshi. Kada ku ɗura mishi ruwa ko jiƙo, kada ku yi mishi hayaƙi.

Ko ta lafa, ku kai shi likita nan take. A ƙasarmu, masassarar cizon sauro da sanƙarau suna kawo jijjiga, kuma suna kisa. Gado bai hana a nemi tushen masassarar ba.

Tambayoyi
1. Yara masu shekara nawa jijjigar ta fi kamawa?
2. Mi ya kamata a tambayi tsofaffin gida?
3. Waɗanne abubuwa ne ba a yi ma yaro mai jijjiga?