Amsoshin Tambayoyinku: Me Jakada Yake Yi, Kuma Ta Yaya Ake Zama Jakada?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Dogondutsi. Muna shiga Najeriya cin kasuwa da zumunci ba tare da mun taɓa ganin jakada ba. Mene ne amfaninsa gare mu? Kuma ɗan karkara irina zai iya wannan aiki?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ƙara basira. Bari mu fara da iyakar kanta. Ingila da Faransa ne suka zana ta a yarjejeniyar 1898, suka gyara a 1904 da 1906. Da haka ƙasar Arewa ta rabu biyu, Dogondutsi da Matankari a hannun Faransa, Kangiwa a hannun Ingila. Da Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba, sai ya zama dole ƙasashen biyu su naɗa masu magana da yawunsu kan iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500.

Nijar tana da ofishin jakada a Abuja da na ƙaramin jakada a Kano, Najeriya kuma tana da nata a Yamai. Jakada wakilin shugaban ƙasa ne, kuma ba ya kama aiki sosai sai ya miƙa wasiƙar naɗinsa ga shugaban ƙasar da ta karɓe shi. Ƙaramin jakada shi ya fi kusa da talaka: takardun shaida, ɗan ƙasa da aka tsare, gawar da za a maido gida.

Idan hulɗa ta yi kyau, ba a ganin aikinsu. Shugaban Nijar Diori Hamani ya mara wa gwamnatin tarayyar Najeriya baya a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, kuma a 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu mai hedikwata a Yamai. Wutar lantarkin da ke zuwa Doso da Yamai ta Birnin Kebbi 'yar wannan amana ce. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 kuwa, an rufe iyaka, an yanke wuta, Yamai ta sauke jakadanta na Abuja. Kai shaida ne kan yadda kaya suka yi tsada kafin a ɗage wannan takunkumi a Fabrairun 2024. Amfanin jakada ke nan: ya hana magana kaiwa ga haka.

Hanyar shiga biyu ce. Ta farko karatu: digiri a shari'a, tattalin arziki ko hulɗar ƙasashe, kamar a Jami'ar Abdou Moumouni, sai jarrabawar shiga aikin gwamnati, sannan shekaru a ma'aikatar harkokin waje, daga sakatare zuwa mai ba da shawara. Ta biyu naɗin shugaban ƙasa. Misali, Ibrahim Bare Mainasara, wanda asalinsa Dumega ne a yankin Tibiri, soja ne da ya riƙe jakadancin Nijar a Aljeriya kafin ya mulki ƙasa.

Kai dai ka riƙe ta farko, don ita ce a hannunka. Ka ƙware a Faransanci, ka koyi Ingilishi, ka iya rubutu, ka iya riƙe sirri. Hausarka da sanin mutanen iyaka jari ne da ba kowane ɗan birni yake da shi ba. Allah ya ba da sa'a.