Hoton Da Ba Ya Koɗewa

'Yan'uwana ɗalibai, kowa a cikinku ya taɓa ganin tsohon hoto a bangon ɗaki a nan Lafiya, wanda ya dushe har fuskar mai shi ta kusa ɓacewa. Dalili kuwa shi ne da azurfa a ke yin irin waɗannan hotuna, ita kuwa ba ta jure wa iska mai farar wuta, kamar dai yadda zoben azurfa ya ke yin baƙi. Akwai wata hanya wadda hotonta ba ya koɗewa muddin takardar tana nan, ita na ke so in bayyana muku.

A cikin 1873 wani Bature a Ingila, William Willis, ya yi rajistar buga hoto da filatinam, wani ƙarfe mai tsada wanda ba ya tsatsa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya sa aka tsare filatinam domin aikin yaƙi, sai ya koma ga ɗan'uwansa faladiyam a 1917.

Maganin da a ke shafa wa takarda haɗin abu biyu ne, watau gishirin filatinam ko na faladiyam, da wani gishirin baƙin ƙarfe, ferik oksalet. To, ku lura da kyau: ba a kan ƙarfen mai tsada haske ya ke aiki ba, a kan baƙin ƙarfe ne. In takarda ta bushe, sai a ɗora mata dodon hoto daidai girmanta, a danne da gilashi, a kai rana. Duk inda haske ya ratsa, oksalet ya kan ba baƙin ƙarfe ilektiron guda, ferik ya zama feras. Feras ɗin nan kuwa ɗan aike ne. Shi zai kai wa filatinam ilektiron, 'yan aike biyu ga kowane ƙwayar filatinam, sa'an nan filatinam ya fita daga gishirinsa ya kwanta cikin zaren takarda kamar garin gawayi. Amma ɗan aiken gurgu ne, don feras oksalet ba ya narkewa sosai. Saboda haka a ke zuba ruwan fotasiyam oksalet ya narkar da shi, nan da nan sai hoto ya fito. Bayan wannan tilas a wanke sauran baƙin ƙarfen da ruwa mai ɗan tsami, irin tsamin lemo, in ba haka ba takarda za ta yi rawaya.

A 1887 wani mutumin Ostiriya, Pizzighelli, ya yi amfani da gishirin ƙarfe mai narkewa, ta yadda danshin takarda kaɗai ya isa ɗan aike ya yi tafiya, hoto ya fito tun yana cikin rana. Mike Ware da Pradip Malde suka kyautata wannan hanya bayan 1980. Nan ne, a ganina, abin ya shafe mu. Da faladiyam, busasshiyar takarda ta kan ba da hoto mai ruwan ƙasa, mai danshi kuwa ta ba da baƙi-baƙi. Ashe magani ɗaya, dodo ɗaya, hoton da aka buga a Lafiya cikin laimar Agusta zai bambanta da na hunturun Janairu, sai fa an turara takardar da tururi.

Kuɗin filatinam ya fi ƙarfin makarantunmu, ga shi oksalet guba ne, gishirin filatinam kuma ya kan jawo asma. Amma malami zai iya nuna wa yara aikin baƙin ƙarfen nan da hanyar Herschel ta 1842. A haɗa ferik amoniyam sitiret da fotasiyam ferisayanaid, a shafa, a bushe a inuwa, a ɗora ganyen rogo, a kai rana. In an wanke da ruwa, ganyen zai fito fari a kan shuɗi.