Tsadar Rayuwa: Tallafin Gwamnati Takarda Yake Bi



Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, sannan aka saki darajar Naira a watan Yuni, kowa ya ji a jikinsa. Mu 'yan kasuwa mun san yadda abin yake tafiya: kuɗin motar da ta ɗauko tumatir da albasa daga Arewa zuwa Mile 12 ya tashi, dillali ya ɗora, mai kasawa ya ɗora, a kan mai sayen rabin mudu abin yake ƙarewa.

Amma ba daidai muke jin zafin ba. Mai shago yana iya ƙara farashi. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar a ɗakin haya, a kan wa za ta ƙara? Haka tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da makaho, da ɗan dakon da in bai fita yau ba babu tuwon dare. An mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a Yulin 2024, to amma wannan na masu albashi ne. Mai ruwa da mai shayi ba su cikin lissafin.

Tallafin da ya fi shafar irin waɗannan shi ne wanda aka ƙaddamar a Oktoban 2023: Naira 25,000 a wata har wata uku, ga gidaje miliyan 15. Gaskiya kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ga mai kwana da yunwa ba abin rainawa ba ne. Daga rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa ake zaɓar sunaye, kuma ana neman lambar NIN da asusun da za a tura kuɗin. A nan namu suke faɗuwa. Ranar da masu rubuta suna suka je ƙauye, mutum yana Legas. Ranar da suka zo unguwa a nan, ana ganinsa baƙo, shi ma yana gudun duk mai riƙe da takarda. Sai ya tashi a tutar babu, ba can ba nan.

Don haka a yi NIN, har da na mata da tsofaffi, kuma a tabbatar sunan da ke jikinsa shi ne na BVN. Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa ya tsayar da kuɗi. A yi katin LASRRA ma. Na duk mazaunin Legas ne, ko daga wace jiha ya fito, kuma yana sauƙaƙa shiga irin su Ilera Eko, inshorar lafiya ta jiha. Masu 'ya'ya a jami'a ko kwalejin gwamnati su duba bashin karatu na NELFUND: ba ruwa a cikinsa, sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya.

A kula da mayaudara. Ba a sayen shiga rajistar tallafi. Duk wanda ya kira ya nemi kuɗi ko lambar sirrin kati, a kashe waya.

Kafin kuɗin gwamnati ya iso kuwa, tukunya ba ta jira. Masu fitar da zakka su fara duba layinsu kafin su aika gida, don mafi yawan waɗannan mutanen kunya ba ta barinsu su roƙa. Wanda ya san gidan da ake cikin wannan hali ya sanar da kwamitin masallaci a asirce bayan sallah, ba a bainar jama'a ba.