Langar Gado Ta Zama Ma'ajin Iri

A kusan kowane gida na ƙauyukanmu akwai wani tsohon abu da a ke ajiye da shi don tunawa da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wani akwatin ƙarfe ne na ubansa. Wani batta ce ta kakansa. Wata kuwa langa ce ko tasa daga cikin kayan jeren uwarta. Ba a aiki da su, ba a kuma iya zubar da su. Suna nan, kayan gado a ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu, kyankyasai sun mai da su gida. (Ku lura da kalmomin nan biyu, gado da gado. Rubutunsu ɗaya ne, amma faɗinsu dabam. Mai karatu ya kan gane wanda a ke nufi daga maganar da ke kewaye da shi.)

A darasin nan za mu ba ku labarin yadda irin wannan tsohon abu ya yi wa wata mata amfani, sa'an nan mu nuna muku yadda ku ma za ku yi.

Ran nan mun je duba wani ajin mata a wani ƙauye da ke bakin fadama. Cikin ɗaliban akwai wata mai lambu. Mijinta ya rasu, ita ce ke riƙe da gida da 'ya'ya biyar. Lambun nan shi ne cinsu, shi ne suturarsu. Shekara guda kafin ta shiga aji, ta yi hasara sau biyu a rani ɗaya. Ta fari, irin albasarta da ta ƙulle a tsumma ta cusa a jinkar ɗaki ya sha danshin damina. Da kaka ta yi, ta gyara wurin reno, ta yafa iri, ta yi ta ban ruwa kwana da kwanaki, ko ɗaya bai tsiro ba. Kafin ta sami kuɗin sayen wani, maƙwabtanta har sun yi dashe. Ta biyu, ta kwance wani ƙulli tana tsammani tattasai ne, ashe attarugu ne. Ƙwayar tattasai da ta attarugu kuwa kusan kamarsu ɗaya, ido ba ya rarrabe su da sauƙi. Ba ta gane ba sai da shuka ta fara 'ya'ya, bayan wahalar watanni. Mai sayen tattasai da ya yi mata alkawari ya koma wurin wani.

To, matar nan tana da langa huɗu, babba da mai bi mata, har zuwa 'yar ƙarama, kowace da murfinta. Na kakarta ne, suka dawo hannun uwarta, da aka raba gado suka faɗo a rabonta. Da can da ƙorai a ke yi wa amarya jere, daga baya tasoshi da langa suka shigo, yanzu kuwa tangaran da kuloli sun ture su. Saboda haka ba ta jera su, ba ta kuma zuba abinci a ciki. Da ta iya rubuta sunanta da sunayen abubuwa, sai dabara ta faɗo mata. Ta jawo su, ta wanke, ta ce nan ne gidan irinta.

Ƙanwarta ta tarar da ita tana tankaɗe toka a cikin babbar. Ta ce, "Haba Yaya, langar Inna za ki zuba wa toka?" Ta amsa mata, ta ce, "Ke dai bari. Shekara nawa tana ƙarƙashin gado, wa ya tuna da Inna? Yanzu ko yaushe na buɗe ta sai na yi mata addu'a."

Mu a ganinmu gaskiya tana wajen yayar. Da tsohuwar zuma a ke magani. Mun sha ganin kayan iyaye da aka ƙi taɓawa don girmamawa, tsatsa ta cinye su, a ƙarshe yara suka kai wa 'yan gwangwan. Amma akwai sharaɗi guda, ba kuwa ƙarami ba ne. Matar nan kayanta ne, an riga an raba an ba ta. In abin da ke ɗakinku ba a raba shi ba tukuna, to, ba naku ba ne ku kaɗai. Ku nemi yardar sauran magada. In da maraya a cikinsu, kada ku taɓa sai an fitar masa da hakkinsa.

Yanzu sai mu duba abin da ya sa langa ta fi tsumma. Ƙwayar iri abu ne mai rai, barci kawai ta ke yi. Abokan gabanta huɗu ne: danshi, da zafi, da ƙwari, da ɓera. Danshi ya fi su duka mugunta, domin shi ne ke ta da ƙwaya daga barci ba lokacinta ba, ta cinye ɗan abincin da ke cikinta, ta mutu, ko kuwa ta yi fumfuna. Ku duba kuwa yadda shekarar mai lambu ta ke. Da bazara mu ke tara yawancin irinmu. Ba za mu shuka shi ba sai ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba ko Nuwamba. Ashe ke nan tilas irin nan ya ratsa damina duka, ya ratsa markar Agusta, lokacin da gishiri ke jiƙewa a cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa. Tsumma da takarda da adudu duk suna shan wannan iska. Langa mai murfi ba ta sha. Ɓera kuma ba ya iya huda ta.

Masana aikin gona sun auna, sun ga cewa in aka rage danshin ƙwaya kaɗan, aka kuma rage zafin wurin ajiya kaɗan, kwanakinta su kan ninka. Don haka ne manyan ma'aikatu ke ajiye iri a ɗakunan sanyi. A Ibadan akwai ma'aikatar binciken noma mai suna IITA, wadda aka kafa a 1967. Tana ajiye da wake iri dabam dabam fiye da 15,000. A ƙasar Norwe kuma, a 2008, an buɗe wani rumbu a cikin dutse mai ƙanƙara, inda ƙasashen duniya ke kai irinsu ajiya. Mu ba mu da ƙanƙara. Amma bushewa tana hannunmu, inuwa ma tana hannunmu.

Ga yadda za ku yi. Ku fara da duba langar. Ku ɗaga ta sama wajen rana, ita da murfinta. In haske ya ɓullo ta wani wuri, tsatsa ta huda ta ke nan, sai a kai wa mai faci ya toshe. Ku wanke ta, ku shanya ta wuni guda. Kada ku zuba iri tana da zafin rana, ku bari ta huce a inuwa.

Sa'an nan irin kansa. Ku zaɓa daga shukar da ta fi lafiya da yawan 'ya'ya, ba daga ragowar da kasuwa ta ƙi ba. Ku bari ɗan ya nuna sarai a jikin uwarsa. Kuɓewa sai ta bushe ta fara tsagewa. Tumatir kuwa sai a matse ƙwayar da ruwanta a ƙoƙo, a bar ta kwana 2 ko 3 har yauƙin ya sake ta, a wanke. Ƙwayar da ta nutse ita ce mai kyau, wadda ta taso a zubar. A baza a faifai a inuwa mai iska. Kada a baza a kan kwanon rufi ko langalanga da tsakar rana, zafin ya kan kashe ƙwaya.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, saboda haka ku karanta wurin nan sau biyu. Langa ba ta busar da iri, tsare shi kawai ta ke yi. In kuka rufe shi da sauran danshi, kun rufe shi da maƙiyinsa a ɗaki ɗaya, gara ma da kun bar shi a tsumma. Yaya za a san ya bushe? Ku ɗauki ƙwayar kabewa ku lanƙwasa. In ta karye ƙas, ta bushe. In ta lanƙwasu, da saura. Ga kuma wata hanya: ku sami busasshiyar kwalba, ku zuba iri da ɗan busasshen gishiri, ku toshe, ku girgiza, ku ajiye kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, irin bai bushe ba.

In ya bushe, sai a ƙunshe kowane iri dabam a takarda. To, ga inda karatunku zai biya ku. A bayan kowane ƙunshi ku rubuta abu uku: sunan irin, da shekarar da aka tara shi, da wurin da ya fito. Misali: TATTASAI, 2024, LAMBUNMU. Ku rubuta da fensir, domin tawada ta kan baje in ta sami laima. Sunan zai hana ku shuka attarugu a maimakon tattasai, ko rama a maimakon yakuwa. Shekarar kuwa za ta gaya muku wanda za ku fara shukawa, domin iri ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Albasa ba ta da haƙuri, bayan shekara 1 ƙarfinta ya kan faɗi ƙwarai. Kuɓewa da barkono su kan kai kamar shekara 2. Tumatir da kabewa da kankana su kan kai 3 ko 4 in ajiya ta yi kyau. Wanda bai rubuta ba sai ya dogara da tuni, tuni kuwa ya kan ci amana.

Matar da muka ambata ga yadda ta tsara nata. A babbar langa ta sa masu manyan ƙwaya: kuɓewa, kabewa, kankana, wake da zogale. A ta biyu ta sa tumatir, tattasai, attarugu da yalo. A ta uku ta sa ƙananan nan da iska ke ɗauka, wato albasa da alayyafo da latas. A gindin kowace ta shimfiɗa tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, kaurin yatsa biyu, da 'yan gutsattsarin busasshen gawayi. Toka tana hana ƙwari sakewa, gawayi kuma yana taimakawa wajen shan laima. Ta rufe, ta naɗe bakin murfin da robar cikin tayar keke. Ta ɗora su a kan katako a kusurwar ɗakin ƙasa, nesa da murhu. Wanda ɗakinsa na kwano ne kada ya rataye su sama kusa da rufi, can ne zafi ke taruwa. Da damina kuma ba ta buɗewa sai dole, domin kowace buɗewa iska mai danshi ce ke shiga.

'Yar ƙaramar langar ita ce ta huɗu, aikinta dabam ne, kuma a kanta mu ke so ku fi kasa kunne. A cikinta a ke sa irin da aka sayo a fakiti, kamar karas da kabeji. Sau da yawa za ku ga irin fakiti ja ne ko kore ko shuɗi. Ba ado ba ne. Magani ne aka shafa masa, guba ne ga mutum da kaji. A jikin wannan langa matar ta rubuta GUBA da manyan baƙaƙe, ta ajiye ta inda hannun yaro ba ya kai. Langar da ta taɓa ɗaukar irin nan ta bar aikin abinci ke nan har abada, ko da biki ya taso kwanoni sun yi ƙaranci. Kada kuma a jefa ƙwayar maganin rumbu a cikin langar da ke ɗakin kwana. Iskar da ta ke fitarwa tana kashe mutum yana barci.

Har wa yau ku duba bayan fakitin. In kun ga an rubuta F1, to, iri ne da aka haɗa daga iyaye biyu. Ya kan yi kyau a shukar fari. Amma in kuka ɗebi ƙwayarsa kuka shuka baɗi, 'ya'yan ba za su fito daidai da uwarsu ba, wani babba wani ƙarami. Kada ku ɓata wuri a langa da ƙwayar da kuka ciro daga irin wannan. Irin gida da kuka gada shi ne na tarawa.

Sauran abu ɗaya. Mako biyu kafin shuka, ku gwada irin, gani ya kori ji. Ku ƙirga ƙwaya 20 daga ƙunshi, ku jera a jiƙaƙƙen tsumma, ku naɗe, ku sa a inuwa. Kullum ku yayyafa ruwa kaɗan. Bayan kwana 7 ku buɗe ku ƙirga waɗanda suka tsiro. Albasa da barkono ba su da sauri, a ba su har kwana 14. In 16 ko fiye suka tsiro, irinku yana da kyau. In 10 ne, rabi ke nan, sai ku ninka abin da kuka saba yafawa. In bai wuce 5 ba, ku nemi wani tun da sauran lokaci. Da matar nan ta yi wannan gwaji a shekarar hasararta, da ƙwaya 20 kaɗai ta rasa, ba rani guda ba.

Maza ma ba a bar ku a baya ba. Akwatin ƙarfen tsoho zai yi wannan aiki, in an jera kwalabe masu murfi a ciki, kowace da takardarta. Batta ta isa irin albasar komi guda.

Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da fensirinsa, da takarda, da iri uku daga gida. Za mu koyi naɗe ƙunshi, kowa kuma zai rubuta sunan irinsa da shekara da hannunsa. Wanda ƙ da k ke rikita shi ya gwada rubuta kalmomin nan tun a gida: ƙwaya, kabewa, ƙunshi, kankana, kuɓewa.