DARASI: BINDIGA A GIDAN DA AKWAI ƘANANAN YARA

Manufar darasi

Bayan an karanta wannan darasi a ƙungiya, muna so kowane mai gida da uwar gida su san abu uku: abin da dokar ƙasa ta ce game da ajiye bindiga, abin da yara suke yi idan sun tarar da ita, da kuma yadda ake adana ta domin kada abin da aka saya don kare iyali ya zama shi ne ajalin yaro.

Gabatarwa

'Yan'uwa, da wuya a sami ƙauye a cikinmu da ba shi da ɗa ko ƙani a Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Fagge a Kano. Waɗansu suna kasuwanci, waɗansu suna koyon kanikanci ko ɗinki, 'ya'yanmu kuma sukan je can hutu wurin dangi. Mutanen wannan unguwa sun ga tashin hankali ba sau ɗaya ba. An yi rikici a watan Oktoba 1991, an sake yi a Oktoba 2001 da Mayu 2004. Ranar 20 ga Janairu 2012 Boko Haram ta kai hare-hare a birnin Kano, kimanin mutum 185 suka mutu. Ranar 18 ga Maris 2013 kuma bom ya tashi a tashar motar New Road, cikin Sabon Gari, ya hallaka mutane da dama. Wanda ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, ba abin mamaki ba ne idan ya yi tunanin neman ƙaramar bindiga ya sa a ƙarƙashin matashin kai.

Mu ma a ƙauye muna da namu. Akwai bindigar toka ta farauta da aka gada, akwai ta 'yan sintiri, ga tsoron ɓarayin shanu da masu satar mutane. Wata cibiyar bincike da ke Janiba, mai suna Small Arms Survey, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Da yawa daga cikinsu suna kwana ɗaki ɗaya da yara. Saboda haka wannan magana ta shafi na birni da na ƙauye duka.

1. Abin da doka ta ce

Dokar Bindigogi ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu: bindigogin soja, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba. Ba mai ikon ba da lasin a kansu sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da irinsu ba lasin, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. A lura da kyau: ƙaramar bindigar da maƙeri ya ƙera ita ma tana cikin wannan kashi. Kashi na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, waɗanda lasinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. A watan Agusta 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasin. Kashi na uku su ne bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato bindigar toka, kuma maganarsu tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Dokar ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mashayi. Ta kuma ɗora wa mai bindiga alhakin adana ta a kowane lokaci. Idan ta ɓata ko an sace ta, dole ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Lasin kuma ba a gadonsa: idan mai shi ya rasu, magada ba su da ikon ci gaba da riƙe bindigar haka kawai.

Ke nan ga mafi yawanmu, ƙaramar bindigar hannu ba abin ajiyewa ba ce sam. Wanda ya riga yana da ita ba lasin, kada ya jefa ta a rijiya ko masai, kada ya sayar, kada ya ba wani ajiya. Kada kuma ya sa ta a aljihu ya kama hanyar ofishin 'yan sanda shi kaɗai. Ya nemi shawarar lauya da dattijon da ya amince da shi, a shirya yadda za a miƙa ta ga hukuma. Kafin ranar, ya bi matakan da ke ƙasa.

2. Abin da yara suke yi

Iyaye sukan dogara ga abu uku: "na ɓoye ta," "na yi masa gargaɗi," da "ai ba zai iya harbawa ba." Likitocin yara a Amurka, inda bindiga ta yi yawa a gidaje, sun gwada dukansu.

Game da ɓoyewa, a 2006 an buga wani bincike da aka yi a karkarar jihar Alabama. An tambayi iyaye dabam, yara dabam. Cikin yaran da ba su kai shekara 10 ba, kusan 3 cikin 4 sun san inda bindigar gidansu take. Cikin iyayen da suka ce yaronsu bai san wurin ba, kusan 4 cikin 10 yaran sun ƙaryata su.

Game da gargaɗi, a 2001 an buga wani gwaji da aka yi a birnin Atlanta. An bar yara maza 64, masu shekara 8 zuwa 12, su biyu ko uku a ɗaki, an sa bindiga ta gaske wadda aka gyara don kada ta tashi a cikin durowa. Yara 48 suka gano ta, 30 suka ɗauke ta, 16 suka ja kunama. Fiye da 9 cikin 10 na waɗanda suka taɓa ta, an riga an koya musu cewa ba a taɓa bindiga.

Game da ƙarfi, a 1995 an auna ƙarfin yatsun yara. An tarar yaro 1 cikin 4 na masu shekara 3 zuwa 4, da 7 cikin 10 na masu shekara 5 zuwa 6, suna da ƙarfin jan kunamar yawancin ƙananan bindigogi idan sun sa yatsu biyu. Ƙaramin yaro kuwa yakan juyo bakin bindigar wajen fuskarsa don ya danna da manyan yatsunsa.

Yaranmu ba su bambanta da waɗannan ba. Yaron da ya san inda uwarsa take ɓoye sukari da kuɗin cefane, ya san abin da ke ƙarƙashin katifar babansa. Yana ganin harbi a fim, ana saya masa bindigar roba da Kirsimeti, ba ya iya rarrabe ta wasa da ta gaske. A gidajen haya na Sabon Gari, inda iyali goma ko fiye suke tsakar gida ɗaya, yaran maƙwabta suna shiga kowane ɗaki. A ƙauye kuma manya suna wuni a gona, bindiga tana rataye a bango ko a soke a rufin ɗaki, yara su hau turmi su sauko da ita.

3. Matakai huɗu na adanawa

A 2005 wani bincike a Amurka ya nuna cewa kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana rage haɗarin yaro ya harbi kansa ko wani. Idan aka haɗa su, ƙofa huɗu ke nan tsakanin yaro da mutuwa.

Na ɗaya, a ajiye ta babu harsashi. A kula: cire gidan harsashi daga fistol bai isa ba, domin harsashi ɗaya yakan saura a cikin bindigar. Mai ita ya buɗe ya duba da idonsa, bakin yana kallon ƙasa mai taushi, yatsa nesa da kunama, ba yaro a kusa. Bindigar toka ta fi ruɗi, domin ba a ganin ɗurinta daga waje. Maharbi kada ya shigo gida da ita a ɗure. Ya juye ta tun a daji, inda ba mutum ba dabba.

Na biyu, a kulle ta. Akwatin ƙarfe mai kauri da kwaɗo mai kyau ya isa. Mai walda yana iya yin dogon akwati don doguwar bindiga, a kafe shi da bango ko ƙasa don kada ɓarawo ya ɗauke shi gaba ɗaya. Saman kabad, ƙarƙashin katifa, cikin buhun hatsi da rumbu ba ma'aji ba ne.

Na uku, a kulle harsashi da albarushi su ma. Albarushi yana kama wuta da ɗan tartsatsi, don haka a nesanta shi daga murhu, fitilar kananzir da fetur ɗin janareta. Ƙananan ƙwayoyin darma kuma guba ne idan jariri ya haɗiye.

Na huɗu, a raba wurinsu. Bindiga a akwati ɗaya, harsashi a wani, kowanne da makullinsa. Makulli ya zauna a jikin mai shi, ba a rataye a ƙusa ko a ƙarƙashin matashin kai ba. Uwar gida ta san akwai bindiga a gidan, ta san inda take, domin ita ce take wuni da yara.

Kulle ba don ƙananan yara kaɗai ba ne. Saurayin da ya faɗi jarrabawa ko budurwa ta ƙi shi, da mai gidan da ya sha ya yi fushi, mintocin da za su ɗauka suna neman makulli biyu sukan ishi zuciya ta huce.

4. "To, idan ɓarayi suka zo da dare fa?"

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma gaskiya ne buɗe akwati yana ɗaukar lokaci. Amma mu yi lissafi. Daren da ɓarawo zai zo yana iya zama ɗaya cikin shekaru, ko kuma kada ya zo. Yaro kuwa yana cikin ɗakin kwana 365 a shekara. Ban da haka, wanda aka tashe shi daga barci cikin duhu da bindiga a ɗure kusa da hannunsa, yana iya harbin ɗansa da ya fita fitsari ko maƙwabcin da ya dawo daga aiki. A gidan haya harsashi yana ratsa ƙofar katako da silin ya sami mai barci a ɗakin gaba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Abin da yake ba mutum lokaci da dare shi ne ƙofa mai ƙarfi da sakata, fitila mai amfani da hasken rana a tsakar gida, kare, usur, da lambobin wayar maƙwabta da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sintirin unguwa da aka shirya da sanin mai unguwa da 'yan sanda ya fi mutum ɗaya da bindigarsa a ɗaki.

5. Abin da za a koya wa yara

Ko da yake gargaɗi kaɗai bai isa ba, a koya musu duk da haka, domin suna iya tarar da bindiga a gidan wani ko a jeji. Abu huɗu ne: ka tsaya, kada ka taɓa, ka bar wurin, ka gaya wa babba. A maimaita musu, a kuma yi gwaji kamar wasa. Yaron da ya zo ya faɗa, a yaba masa, kada a doke shi, domin wanda aka doka ba zai sake faɗa ba.

Kafin a aika yaro hutu ko koyon sana'a a birni, a tambayi mai gidan cikin ladabi: "Yaya, akwai bindiga a gidan? In akwai, a kulle take?" Kunyar minti ɗaya ce. Wanda yake ƙaunar yaron ba zai ji haushi ba.

6. Idan hatsari ya faru

A danne raunin da ƙarfi da tsabtataccen ƙyalle, kada a saki. Kada a tono harsashi, kada a zuba toka ko gari, kada a ba shi abinci ko ruwa. A kira 112 ko a nemi mota nan take. A Kano akwai Asibitin Murtala Muhammad, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala. Dokar 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin farko ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda. Kada tsoron bincike ya sa a ɓoye yaro a gida har jini ya ƙare.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ina mutanen ƙauyenmu suke ajiye bindigoginsu, kuma yaro ɗan shekara biyar zai iya kai wa gare su?

2. 'Yan sintirinmu, idan sun dawo da asuba, ina suke sa bindigogin, a ɗure ko a juye?

3. Me yake hana mata yi wa mazajensu wannan magana, kuma wa zai taimake su?

4. Waɗanne gidaje ne suka gaji bindiga daga mamaci, kuma me ya kamata su yi?

Aikin wannan mako

Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su tambayi mai walda kuɗin akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu, su kawo rahoto a taro mai zuwa. Inda kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a duba ko adashe zai ɗauka. Duk mai bindiga kuma ya juye ta yau kafin ya kwanta.