Lafiyar Ƙasa, Lafiyar Jama'a: Abin Koyi Daga Jami'o'in Doha

Jama'a, an rubuta wannan 'yar takarda ne domin manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da ɗan makaranta su san amfanin wani aiki da ake yi a jami'o'i, wato binciken halittu masu rai. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka jami'a wurin karɓar takardar shaida ne, yaro ya shiga, ya fito, ya nemi aikin ofis. To, koyarwa rabin aikin jami'a ce. Ɗaya rabin shi ne bincike: a duba tsiro da dabba da ruwa da jinin mutum, a gano abin da ke damunsu, a nemo mafita. Za mu ɗauki misali daga Doha, babban birnin Katar, domin zafi da ƙarancin ruwa da hamada da suke fama da su ba baƙinmu ba ne.

Mece ce lafiyar doron ƙasa?

A shekarar 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet da Gidauniyar Rockefeller suka kafa ya fitar da rahoto. Jigon rahoton shi ne lafiyar ɗan Adam ta rataya ne a kan lafiyar ƙasa da ruwa da iska da dabbobi. Idan waɗannan suka lalace, asibiti kaɗai ba zai iya ba.

Mu ma mun ga haka da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a wasu ƙauyukan Zamfara, saboda dakan dutsen zinariya da ake yi a cikin gidaje. Likitoci suka ce ba amfanin a ba yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da gubar take. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, sannan magani ya yi tasiri.

Ƙasar da ba ta da kogi

Katar 'yar ƙaramar ƙasa ce, ba ta kai Jihar Kano faɗi ba. Ba ta da kogi ko ɗaya. Ruwan saman da take samu a shekara ba ya kai milimita 100, alhali Kano kan sami ninkin haka sau bakwai ko fiye. Kusan duk ruwan da ake sha a Doha daga teku ake ɗebo shi, a tace gishirin a manyan masana'antu. Amma Allah Ya hore musu iskar gas, saboda haka suka daɗe suna sayo kusan duk abincinsu daga waje.

Ranar 5 ga Yuni, 2017, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da Katar, aka rufe iyakar Abu Samra, wadda ita kaɗai ce hanyar mota zuwa ƙasar. Madara da kaji da kayan lambu da ke shigowa ta nan suka tsaya cak. Har ta kai wani kamfani mai suna Baladna ya riƙa ɗauko shanun tatsa a jirgin sama daga Turai da Amurka. Ba a sasanta ba sai a Janairun 2021. A nan mutanen Katar suka ƙara gane cewa kuɗi ba ya hana yunwa idan hanya ta toshe, kuma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci yana tare da kwana da yunwa.

Sa'arsu ɗaya, sun riga sun fara gina wuraren bincike. An kafa Jami'ar Katar a 1977. A 1995 aka kafa Gidauniyar Katar, wadda Shaikha Moza bint Nasser ke shugabanta, ita kuma ta gina Birnin Ilimi a gefen Doha. A ciki akwai reshen kwalejin likitanci ta Weill Cornell ta Amurka, da Jami'ar Hamad bin Khalifa da aka kafa a 2010. A 2006 kuma aka buɗe asusu na musamman don biyan kuɗin bincike. Ga uku daga cikin abubuwan da aka duba.

Na farko: dabino

Duk wanda ya taɓa shuka dabino ya san wahalarsa. Akwai namiji, akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Idan ka shuka ƙwallo ba ka da hanyar sanin me ya fito sai ya yi fure, bayan shekara biyar ko fiye. Kana ban ruwa, kana kai taki, kana kare shi daga awaki, ƙarshe ka tarar wajen rabin gonar maza ne, alhali namiji ɗaya kan isa a yi wa mata kusan hamsin barbara.

A 2009 masana a Weill Cornell ta Doha, ƙarƙashin Dakta Joel Malek, suka sanar da cewa sun karanta jerin ƙwayoyin gadon dabino, na irin da Larabawa ke kira Khalas. Ƙwayoyin gado su ne rubutun da ke cikin jikin kowace halitta, wanda ke sa ɗa ya ɗauko kamannin iyayensa. A 2011 suka wallafa sakamakon, suka nuna sashen da ke bambanta namiji da mace. Amfanin wannan a fili yake: ana iya tsinko ɗan ganye daga dashe tun yana ƙarami, a kai ɗakin gwaji, a san jinsinsa kafin a ɓata shekaru a kansa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Yawancin dabinon da muke buɗa baki da shi a watan azumi shigo da shi ake yi, alhali yana yi a Jigawa da Yobe da Borno, kuma akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a Dutse.

Na biyu: raƙumi

A 2012 aka gano wata sabuwar cutar numfashi a yankin Larabawa, aka sa mata suna MERS. Takan zo da zazzaɓi da tari da sarƙewar numfashi, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu. Da farko ba a san daga ina take zuwa ba. A ƙarshen 2013 mutum biyu suka kamu a wata gona a Katar. Jami'an lafiyar ƙasar da masana daga Rotterdam ta Holand suka ɗebi majinar raƙuman gonar, suka sami ƙwayar cutar a jikin uku daga cikinsu. Raƙumin kuwa sau da yawa ba ya nuna alamar ciwo, sai dai ɗan yoyon hanci.

Da likitan mutane ya tsaya a asibitinsa, likitan dabbobi ya tsaya a garkensa, da an daɗe ana lalube. A 2015 wani bincike ya sami ƙwayar cutar a jikin raƙuman da aka kawo mahauta a Kano. Wannan ba dalilin tsoro ba ne ko ƙyamar raƙumi. Dalili ne na tsabta da sa ido.

Na uku: gansakuka

Mu kan ɗauki gansakuka ƙazantar kududdufi ce. A Jami'ar Katar kuwa an keɓe mata ma'ajiya. Masana sun bi gaɓar teku da fadamun gishiri suna tattara ire-irenta na gida, waɗanda suka saba da zafi da gishiri. Ana rainonsu a kwalabe, sannan a zuba su a dogayen tafkuna marasa zurfi, wata na'ura mai fukafukai tana kaɗa ruwan don kowace ƙwaya ta sami rana. Idan ruwan ya yi kore shar sai a tace, a busar. Ana gwada garin a abincin kifi da kaji, ana kuma gwada gansakukar wajen tsabtace gurɓataccen ruwa. Ba ta bukatar ƙasar noma ko ruwan daɗi, abubuwa biyun da Katar ta rasa.

Abin sha'awa, matan Kanembu na yankin Tafkin Cadi sun daɗe da sanin wannan. Sukan kwashe wata gansakuka daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ta tsane, su yayyanka ta, su yi miya da ita. Suna kiran ta dihe.

Kada a ɗauka komai ya daidaita

Katar na cikin ƙasashen da kowane mutum ɗaya ya fi fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ruwan gishiri mai kauri da masana'antun tace ruwa ke mayarwa teku yana takura wa halittun ciki, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ana jan sa fiye da yadda yake taruwa. Ba kuma dukiyarsu muke da ita ba. Abin koyi a nan shi ne sun sa masanansu duba abin da ke ƙofar gidansu. Wannan kuwa mu ma mun iya. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake, ya rage wa manomi yawan feshi. Jami'ar Bayero kuma tana da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa.

Abin da ya wajaba a kanmu

1. Idan ma'aikatan bincike suka zo neman samfurin ƙasa ko ruwa ko jinin dabba, a nemi shaidarsu ta hannun mai unguwa ko dagaci. In ta tabbata, a ba su haɗin kai, a kuma nemi su dawo da sakamako.

2. A tafasa madara kafin a sha, ta saniya ko ta raƙumi. A dafa nama sosai. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa dabbobi.

3. Idan dabbobi ko kaji suka fara mutuwa ba gaira ba dalili, a sanar da malamin dabbobi. Kada a yi saurin yankawa a kai kasuwa.

4. Kafin a shuka sabon iri, a tambayi malamin gona daga ina ya fito, kuma hukuma ta amince da shi ko a'a. Tambaya haƙƙin manomi ce. A kuma ci gaba da adana irin gida.

5. Iyaye su bar 'ya'yansu, maza da mata, su karanci aikin gona da likitancin dabbobi da ilimin halittu. Ba karatun waɗanda suka rasa gurbi ba ne.

6. Idan wakilai suka zo neman ƙuri'a, a tambaye su nawa aka ware wa bincike a jami'ar jiha, kuma me aka yi da shi.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara wa malamanmu basira, Ya ba mu lafiya da zama lafiya.