Ɗaga ƙarfe a zaune: yadda za ka gina kafaɗa ba tare da ka ji ciwo ba

Duk mai bi ta Race Course Road ko Alu Avenue bayan sallar asuba ya san motsa jiki ya samu karɓuwa a Nassarawa GRA. Sassarfa dai kowa ya iya. Inda ake kwafsawa shi ne idan an shiga gidan motsa jiki aka ɗauki dambel da niyyar faɗaɗa kafaɗa.

Kwanan baya na ga wani saurayi a kan benci da kilo 20 a kowane hannu. Yana turawa sama sai bayansa ya lanƙwashe kamar baka, mazaunansa suka ɗaga, jijiyar wuya ta fito raɗau. Ƙirji da ƙugu ne suka yi masa aikin. Ita kafaɗa wahala kawai ta sha, alhali dalilin zaman ke nan tun farko: a hana ƙafa da ƙugu yi maka maguɗi.

Ɗan'uwa, rage nauyin. Sabon shiga ya fara da kilo 4 zuwa 6, ba abin kunya ba ne. Ka samu benci mai majingina, ka miƙar da ita har ta kusa tsayawa cak, ka manna gadon bayanka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ɗora dambel a cinya, ka cilla su da gwiwa ɗaya bayan ɗaya zuwa daidai kunnenka.

Ga wurin da ya fi muhimmanci. Kada ka baje gwiwar hannu can gefe kamar ungulu na shan hantsi. Jawo ta gaba kaɗan, yadda za ka iya hango ta da gefen ido. Akwai wasu ƙananan tsokoki 4 da ke riƙe da gaɓar kafaɗa, kuma bajewar ce ke matse jijiyoyinsu. Wuyan hannu ya tsaya saitin gwiwar hannu. Tura sama kana fitar da numfashi, kada ka gwara ƙarafan da juna, sannan ka sauko a hankali kana ƙirga uku. Saukowar ma aiki ce, mutane ne ke zubar da ita.

Yi sau 8 zuwa 12, ka huta kamar minti biyu, ka maimaita har zagaye uku. Sau biyu a mako ya isa, da tazarar kwana biyu. Ran da 12 ta zo maka da sauƙi a duk zagayen, ƙara kilo ɗaya ko biyu. Da hunturu kuwa, kada ka taɓa ƙarfe sai ka jujjuya hannu jiki ya ɗumama.

Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma idan ciwo ne mai suka, ko yana hana ka kwanciya a ɓangaren da dare, ajiye ƙarfen ka je ka ga likita. Asibitin Ƙashi na Dala ba nisa.